Red, Pawn Hearts ko Animals: wanne za ka fara ba kunnenka?

Ɗan yayana da ke karatu a Kashere ya zo hutu Gombe, ya same ni a shago ina naɗe wayoyin lasifika bayan mun dawo daga wani biki a Tumfure. Sana'ata ke nan, ba da hayar lasifika da na'urar sauti ga masu biki da walima. Ya zauna a kan benci ya ce, "Bappa, kiɗan nan mai nauyi da kake ji kai kaɗai da dare, ina so in gwada. Amma guda ɗaya za ka zaɓa mini, datata ba ta da yawa." Na ce ya dawo bayan isha'i. Kafin ya dawo na zauna ina auna faifan kiɗa uku da suka fi daɗewa tare da ni, wato Red da Pawn Hearts da Animals, kuma abin da na auna shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ni kaina gado na yi. Kawuna ya yi aiki a kamfanin siminti na Ashaka a farkon shekarun 1980, wani injiniya Bature da zai koma gida ya bar masa kwalin faifan garmaho. A cikin kwalin nan na fara cin karo da irin kiɗan rok da masoyansa ke kira furog. A Ingila ya taso, ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu makaɗa suka gaji da waƙar minti uku ta gidan rediyo suka koma gina waƙa mai minti goma ko ashirin, wadda take canja gudu da launi sau da yawa kafin ta ƙare. Gefe ɗaya na faifan garmaho yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, shi ya sa mafi tsawon waƙoƙinsu a nan suke tsayawa. Yawancin furog kiɗa ne mai haske da ado. Amma akwai wani lungu nasa mai duhu, kuma faifan nan uku daga can suka fito.

Mutane kan tambaye ni me zai sa mutum ya nemi kiɗa mai duhu alhali duniya ma ta ishe shi. Ni da nake wuni ina kunna waƙoƙin amarya da ango na san amfanin kiɗan farin ciki, shi ke haɗa jama'a. Sai dai akwai daren da mutum yake komawa ɗaki da abin da ba ya faɗuwa, rashin wani, ko tsoro, ko haushin da ba shi da wanda za a kai wa. A irin wannan dare waƙar rawa tana jin kamar ba da kai take ba. Mu ma ai muna da namu: waƙoƙin wa'azi na tuna mutuwa da kabari da makafi ke rerawa a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa cewa su daina don suna sa jiki sanyi. Wanda ba ya sauraron kiɗa saboda addininsa, ina girmama matsayinsa, kuma wannan rubutu bai nufi canja masa ra'ayi ba. Ga mai saurare nake magana.

Red na ƙungiyar King Crimson ne, ya fito a watan Oktoba na 1974. A lokacin ƙungiyar ta zaizaye ta koma mutum uku: Robert Fripp mai jita, John Wetton mai jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, wanda kuma shi ke waƙa, da Bill Bruford mai ganguna, wanda ya bar ƙungiyar Yes a 1972 tana tsakiyar tashe don ya zo ya yi wannan kiɗa mai wuya. Sun ɗauki faifan a situdiyon Olympic da ke Landan cikin Yuli da Agusta, kuma kafin ya shiga kasuwa Fripp ya riga ya sanar cewa ƙungiyar ta watse. A gaban bangon akwai fuskokinsu uku cikin baƙi da fari, rabi a inuwa. A baya kuwa hoton mita ne allurarta ta shige cikin ja. Duk mai sana'a irin tawa ya san ma'anar wannan: sauti ya wuce ƙarfin na'ura, saura ƙiris lasifika ta ƙone. Minti arba'in ɗin faifan duk a wannan gaɓar suke zaune.

Waƙoƙi biyar ne. Ta farko, mai sunan faifan, babu murya a cikinta ko kaɗan. Jita ce take hawa kamar mai hawan tsani, ta faɗo, ta sake hawa, bes ɗin Wetton yana gurnani a ƙarƙashinta har kana jinsa a ƙirji. Ta biyu, Fallen Angel, tana farawa a tausashe da busa mai taushi, tana ba da labarin mutumin da aka kashe ƙanensa da wuƙa a faɗan 'yan daba a titin birnin Niyok. Wanda ya zauna a Gombe a shekarun da Kalare suka addabi unguwanni, ko a Bauchi lokacin sara-suka, ba ya bukatar a fassara masa wannan baƙin ciki. Duk sanda jitar ta fashe a tsakiyar waƙar nakan tuna wani yaro na layinmu da aka kai makwanci yana da shekara goma sha tara. Ta uku, One More Red Nightmare, mafarkin faɗuwar jirgin sama ce, kuma a nan Bruford ya fi nuna kansa. Akwai wani ƙaran ƙarfe mai kama da an doki murfin tukunya, wanda ya fito daga wani lanƙwasasshen farantin ganga da ya tsinta a kwandon shara na wurin atisaye. Ta huɗu, Providence, ita ce mai wahalar shiga. An ɗauke ta ne a gaban jama'a a garin Providence na Amurka ranar 30 ga Yuni 1974, ba tare da an tsara komai ba, tare da David Cross mai gogen Turawa wanda ya bar ƙungiyar kafin a shiga situdiyo. Mintunan farko kusan shiru ne, goge yana lalube cikin duhu. Sabon mai saurare zai so ya tsallake ta. A jin farko ba laifi, amma a ji na uku ya bar ta ta yi aikinta, don ita ke wanke kunne kafin ta ƙarshe.

Ta ƙarshen, Starless, ita ce dalilin da ya sa nake riƙe da faifan nan shekara da shekaru. Minti goma sha biyu ce da 'yan daƙiƙu. Tana buɗewa da Mellotron, wata na'ura mai kama da piyano wadda kowane maɓallinta ke kunna zaren kaset da aka naɗi sautin goge na gaske a kai, shi ya sa sautin ke ɗan rawa kamar na tsohon kaset. A kan wannan shimfiɗa jita take rera wani amo mai ban tausayi, Wetton ya yi baiti uku. Daga nan sai komai ya janye. Bes ya fara wani zagaye a hankali mai bugu goma sha uku. Kiɗan bikinmu kan tafi ne a huɗu ko shida, ƙafa ta san inda za ta sauka. A goma sha uku kuwa kullum ƙafarka tana neman ƙasa tana tarar da saura taki ɗaya. Fripp ya kama sauti ɗaya tak, yana ta maimaita shi, sai can ya ɗaga shi kaɗan, ya sake zama a kai. Haka ake tafiya fiye da minti huɗu, Bruford yana ƙara ƙwanƙwasa nan da can, abin yana kumbura, har ka ji numfashinka ya taƙaice. Sannan ya fashe da gudu, saksofon (wani abin busa na ƙarfe) ɗin Ian McDonald, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya shigo a haukace. A ƙarshe amon nan na farko ya dawo, amma yanzu da dukan nauyin bes a bayansa. Har yau tsigar jikina na tashi a wurin.

Na daɗe ina ganin kunnen Bahaushe ya fi na Bature shirin karɓar wannan tsakiyar. Mun tashi muna jin goge da kuntigi, tsirkiya ɗaya, makaɗi ya zauna a kan zagaye ɗaya na tsawon lokaci ba wanda ya ƙosa, domin mun san daɗin yana cikin ƙananan canje-canjen da ke faruwa a kansa. Abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da tsirkiya ɗaya ya koya mana wannan sauraro tun muna yara. Haƙurin da Starless ke nema muna da shi a gida.

Pawn Hearts wata dabba ce daban. Na ƙungiyar Van der Graaf Generator ne, wadda ta samo asali a jami'ar Manchesta a 1967, kuma ya fito a 1971. Mutum huɗu ne: Peter Hammill mai waƙa da rubuta baituka, Hugh Banton mai ogan (na'ura mai maɓallai kamar piyano), David Jackson mai saksofon, Guy Evans mai ganguna. Lura da abin da babu: ba su da mai jitar bes na musamman, Banton ne ke cike gurbin, sau da yawa da ƙafa a kan matakan ogan, jitar lantarki kuma baƙo aka gayyato ya ɗan taɓa, wato Fripp ɗin nan dai na King Crimson. Jackson yakan busa saksofon biyu a lokaci guda, kuma abin da ke fitowa ya fi kusa da algaita a ƙofar fada ranar hawan salla fiye da busa mai laushi ta otal. A Ingila faifan bai yi kasuwa ba, amma a Italiya ya hau matsayi na ɗaya, suka yi ta zagayen wasa a can har gajiya ta watsa su a 1972, sai 1975 suka sake haɗuwa.

Waƙoƙi uku ne kacal a minti arba'in da biyar. Lemmings tana kallon jama'a suna tururuwa zuwa bakin rami, tana tambaya ko akwai dalilin ci gaba da rayuwa, ta ƙare da cewa a rayu ko don jikoki. Man-Erg mutum ne yake duba cikinsa ya tarar da mai kisa da mala'iku zaune tare, shi kuma yana tsakiya. Tana farawa da piyano kamar addu'a, ba zato ta rikiɗe ta koma sara da duka. Ta uku, A Plague of Lighthouse Keepers, ta cinye gefe guda na faifan, minti ashirin da uku, an ɗauke ta guntu-guntu aka ɗinke. Labarin mai gadin hasumiyar fitila ne a bakin teku, wanda yake ganin jirage suna nitsewa mutane suna mutuwa ba ya iya ceton kowa, kaɗaici da ganin laifin kai suna cin hankalinsa. Mu nan teku ya yi mana nisa, amma duk wanda ya yi jinyar mara lafiya dare da rana yana kallo ba abin da zai iya, ya san wannan hasumiya.

Inda gizo ke saƙa a Pawn Hearts shi ne muryar Hammill. Yana raɗa, yana rera waƙa kamar ɗan makaranta, yana kururuwa, yana gurnani, wani lokaci duk a baiti ɗaya. Wasu da na kunna wa sun cire abin kunne kafin minti biyar, wasu kuma ba su ƙara jin wani mawaƙin rok ya gamsar da su ba. Ban taɓa ganin na tsakiya ba. Sannan Turancinsa mai zurfi ne, irin na littafi, kuma rabin ƙarfin faifan yana cikin kalmomin. In ba ka bin abin da yake faɗa, za ka ji mutum yana ihu ne kawai a cikin guguwa. Ni sai da na samu baitukan a rubuce na zauna da ƙamus kafin ƙofar ta buɗe mini, kuma da ta buɗe na tarar ya fi sauran biyun shiga ƙashi. Shi ya sa ba na ba wa kowa shi a farko.

Animals na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a Janairun 1977, shi ne mafi sauƙin sha a cikinsu, kuma shi ne wanda ɗan makarantar Hausa zai ji kamar ya san shi. Roger Waters, mai rubuta baitukan ƙungiyar, ya aro dabarar littafin George Orwell, wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi, ya raba al'umma gida uku: karnuka su ne masu farautar dukiya ba imani, aladu masu mulki da wa'azin ƙarya, tumaki kuma talakawa masu bi. Bambancin shi ne Orwell da mulkin gurguzu yake, Waters kuwa da jari-hujjar Ingila ta zamaninsa. Dogs, mai minti goma sha bakwai, ita ce zuciyar faifan, kuma jitar David Gilmour a ciki tana kuka yadda ko wanda bai taɓa jin rok ba zai gane. Manyan waƙoƙi uku ne, an kewaye su da 'yan gajeru biyu masu taushi, kowace ba ta kai minti biyu ba. Hoton bangon tashar wutar lantarki ta Battersea ce a Landan da wani ƙaton aladen roba yana shawagi tsakanin bututun hayaƙi. A lokacin ɗaukar hoton, Disambar 1976, igiyarsa ta tsinke ya tashi sama har ya sauka a wata gona a Kent.

Abu biyu ya kamata a sani kafin a zaɓe shi. Alade yana ko'ina a faifan, a bango da cikin waƙa har da gurnaninsa, duk da cewa a matsayin abin zargi aka kawo shi. Na biyu, a cikin Sheep akwai inda aka juya Zabura ta 23 aka mayar da makiyayi mahauci. Wani abokin aikina ɗan Billiri, Kirista, ya ji wurin ya ce a kashe, kuma na fahimce shi sarai. Wanda zai kunna a gaban mutane ya san da wannan.

To, a jera su. Ta fuskar Turanci, Red ba ya neman komai a wurinka: biyu daga cikin waƙoƙinsa biyar ba murya, sauran ukun ma kiɗan ne ke ɗauke da kayan. Animals yana neman Turanci matsakaici, kuma in ka rasa shi za ka ji daɗin jita amma cizon ya wuce ka. Pawn Hearts yana neman Turanci da ƙamus da lokaci.

Irin duhun ma ba ɗaya ba ne, kuma a ganina wannan ya fi komai muhimmanci wajen zaɓe. Duhun Animals a waje yake, yatsa ne ake nuna wa azzalumai, kana ji kana gyaɗa kai kana tuna wasu da ka sani. Akwai sauƙi a cikin wannan, domin laifin na wasu ne. Duhun Pawn Hearts a cikin ƙwaƙwalwa yake, mutum yana tuhumar kansa, kuma wanda yake cikin matsananciyar damuwa a yanzu ina ba shi shawara ya jinkirta shi. Duhun Red a jiki yake, nauyi ne da matsi da saki, ba ya gaya maka abin da za ka yi tunani, sai ka zuba naka a ciki. Na ji shi bayan rasuwar mahaifina, na ji shi a daren da aka haifa mini 'ya, kuma duka biyun ya karɓa.

Sai maganar kayan ji, wadda ita ce fagena. Lasifikar waya tana yanke sauti mai kauri gaba ɗaya, kuma Red ba tare da bes ɗin Wetton ba kamar tuwo ne ba miya. Dole abin kunne, ko da mai araha ne, muddin yana toshe kunne sosai. Pawn Hearts ma haka, saboda yana sauka ƙasa-ƙasa har ka ƙara murya, sannan ya daka maka tsawa. In janaretan maƙwabci yana aiki, rabinsa ya tafi. Animals ne kaɗai ke jure hayaniya. Na sha jinsa a mota a hanyar Bauchi, in na kunna daga fitar Gombe yakan ƙare kafin mu kai Alkaleri, kuma ƙarar inji ba ta cinye shi. Ta wajen data kusan ɗaya suke, kowanne minti arba'in zuwa arba'in da biyar, wato abin da bai wuce megabait hamsin ba a matsakaicin inganci. A kula da sabbin bugu masu ƙarin waƙoƙi a ƙarshe: Red a Starless yake ƙarewa, a tsaya nan a bar shirun ya zauna. Animals kuma yana da tsohon haɗin sauti da wani sabo da aka fitar a 2022 wanda ganguna da bes suka fi fitowa fili. A abin kunne na fi son sabon.

Wanda yake son siyasa, yake son ya ji waƙa ta faɗi abin da ke ransa game da masu mulki, kuma bai saba da kiɗa mai karo da juna ba, ya fara da Animals, ba zai yi nadama ba. Wanda yake karatun adabi, yake son kalma, kuma murya mai tsauri ba ta korarsa, zai iya yin kasada da Pawn Hearts, amma ya fara da Man-Erg kafin ya tunkari mai minti ashirin da ukun. Ga kowa da kowa kuwa, in guda ɗaya ne, Red nake bayarwa. Ya fi Animals wuya, hakan gaskiya ne, amma wuyarsa irin wadda kunnenmu ya riga ya san hanyarta ce, kuma ba ya tsufa: na ji shi sau ɗaruruwa, har yanzu ina tsintar wani bugun Bruford da ban taɓa lura da shi ba, alhali Animals na haddace shi tun tuni.

Da ɗan yayana ya dawo bayan isha'i, Red na tura masa. Na ba shi abin kunnen da nake gwada sauti da shi a wurin biki, na ce kada ya kunna yana taɗi ko yana duba waya, ya bari sai gida ya yi tsit, ya ji daga farko zuwa ƙarshe, kuma ya ba shi dare uku kafin ya yanke hukunci. Ya ce, "Bappa, in na ji bai yi mini ba fa?" Na ce ya dawo in ba shi Animals. A rana ta huɗu ya shigo shago da safe, ko gaisuwa bai gama ba ya ajiye wayar a kan tebur, ya nemi in nuna masa yadda ake ƙirga goma sha ukun nan. Muka zauna muna buga benci da tafin hannu har mai shayi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.